Zuliha da Rigar Mai

Duk wanda ya zauna a unguwar nan ta Kankia ya san Zuliha 'yar Kunduru. In bai san fuskarta ba ya san ƙamshin ƙuli-ƙulinta, in hancinsa a toshe yake to ya san muryarta, don Allah bai yi mata maƙogwaron raɗa ba. In ta ce wa mijinta "ga tuwo", sai an wanke hannu a gida uku.

Mijin, Malam Ɗalha mai awon hatsi, ɗan kawunta ne. Da wasan taubasantaka suka shiga ɗaki, aure bai kashe shi ba, haihuwa ma ba ta kashe shi ba. Har 'ya'yan suka yi gidajensu ana abu guda.

Da girma ya fara kama shi sai wani ciwon fata ya same shi. Jiki ya bushe, ya tsattsage, yana zubar da fari-fari kamar dusa, ga ƙaiƙayi. An sha saiƙo, an yi turare, an shafa toka da man shanu, shiru. Masu sayen gero suka fara kallon hannunsa a cikin tiya suna wucewa gaba. Wannan bai ci masa rai ba kamar masallaci. In an sallame ya miƙa hannu, sai mutum ya yi sauri ya dafe ƙirji, wai shi mai ladabi. Har Bubayero, makwabcinsa da suka yi ƙuruciya tare, ya koyi gaisuwa daga nesa. Ɗalha ya koma sahun baya, daga nan ya koma salla a zaure.

Zuliha ta sa masa suna Damo.

"Malam Damo, yau ma a rami za a wuni?"

"Ke dai Allah ya shirye ki, mai baki kamar lasifikar kamfe."

Tana faɗi tana dariya, amma in ta juya wajen murhu ba hayaƙi kaɗai ke sa ta share ido ba. Abin da take so a duniya ɗaya ne: ta ga mutane sun kama hannun mijinta.

Wata shekara aka tara mata koyon sana'a, sabulu da man shafawa. Rabin matan unguwa shinkafar rana ta kai su. Zuliha ma ba za a rantse mata ba, amma ita ta dawo da abu a ƙullin leda: wani farin kaki tsaki-tsaki, kamar takin zamani. Malamar ta faɗi sunansa da Turanci, sunan ya faɗi a hanya kafin a iso gida. Zuliha ta raɗa masa Mai Sulhu.

Ai kowa ya san mai da ruwa ba sa shiri. Ko ka kaɗa su har hannu ya gaji, kana ajiyewa mai zai haye sama ya bar ruwa a ƙasa. To wannan kakin, da hannu ɗaya yake riƙe mai, da ɗaya ruwa. Sai ta narka shi cikin man gyaɗa da man kaɗe, ta tafasa ruwa a wata tukunya, ta zuba tana juyawa da muciya har ya huce. Sai ga shi fari tas, da kauri kamar kindirmo. Ba ya kumfa, ba ya zafi a kan tsaga kamar sabulu, ga shi ba ruwansa da rigima da duk abin da aka haɗa shi da shi.

Ba ta yarda ta shafa wa Malam ba sai da ta hau mota zuwa Kusada wajen Shamsiyya, ɗiyar ƙanwarta mai aikin asibiti.

"Inna, wannan ai shi ne cikin farin man da muke ba masu bushewar fata. 'Yan'uwansa har cikin maganin ruwa na yara da allura ana sa su. Ki fara gwadawa a cikin damtse, in bai yi ja ba ki ci gaba. Ki riƙa yin kaɗan-kaɗan, abin da ke da ruwa lalacewa yake yi."

"Ba guba dai ko?"

"Ba guba, Inna."

Gaskiya yarinyar ta faɗa. Maganar wuta ce kawai ba ta zo bakin kowa ba.

Safe da yamma Zuliha ke shafe shi tun daga wuya har ƙafa. Ciwon bai tafi ba, amma ya kwanta. Dusar ta daina zuba, tsagar ta rufe. Ran da Bubayero ya manta ya cafke hannunsa a ƙofar masallaci, har da girgizawa, Ɗalha ya shigo gida yana tafiya kamar ango.

"Mi ya faru, Damo ya yi saɓa?"

"Ke, hannu aka ba ni."

Ranar tuwon ya ƙone, ba wanda ya yi ƙorafi.

Sai dai Ɗalha mutum ne mai tattalin sutura. Ya ga man yana ɓata masa kaftani, sai ya ware wata tsohuwar riga mai faɗi, ita yake sawa bayan shafa. Rigar mai, haka ake ce mata. Shekara da shekaru tana shan mai, har ta yi nauyi, ta yi sheƙi. In Zuliha ta wanke, ta bushe, man na nan cikin zare.

"Wagga riga taka, in aka matse ta ai sai a soya ƙosai."

"Ki bar min ita, ita ce ta san sirrina."

Da damina ne, da hantsi, an ɗauke ruwa gari ya yi sanyi. Zuliha ta sauke suya ta tafi jan ruwa a rijiyar tsakar gida. Ɗalha ya tsuguna bakin murhu zai gasa masara, gefen rigar ya kwanta a kan garwashi bai sani ba. Riga ta kirki da sai ta yi ƙauri, mutum ya ji ya kakkaɓe. Wannan tashi ta yi gaba ɗaya kamar lagwani, ta haye bayansa. Ihun Zuliha ya isa fiye da gida uku a ranar. Ta sheƙa masa gugan da ke hannunta, ta kama rigar da hannu biyu tana yagewa.

A asibiti ta ga ana shafa masa wani farin mai a kan ƙunar, ta kau da kai. Shamsiyya ta zo daga Kusada tana kuka, ta ce duk tufa ko shimfiɗar da ta sha man shafawa ba ta haɗa hanya da wuta, ko an wanke ta.

"Inna, da na sani na faɗa maki."

"Yi shiru, ɗiyata. Ni da ke kwana da man gyaɗa ban san yana ci da wuta ba?"

Ɗalha bai daɗe ba. Maganarsa ta ƙarshe da ita, ya dubi hannayenta a naɗe da bandeji ya ce, "Yanzu wa ke Damon?" Ta yi dariya, dariyar ta ƙi tsayawa inda dariya ke tsayawa.

Bubayero ne ya yi masa wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa, ya juya zai tafi, sai kuma ya dawo.

"Zuliha, wutar ba ta taɓa hannunsa ba. Wallahi taushi kamar na jinjiri. Na daɗe ina riƙe da shi."

Ta sunkuyar da kai tana duban nata hannayen.

Har yanzu tana ƙuli-ƙuli, ko da yake yatsun sun ɗan ƙage. Man ma tana yi in mai ciwon fata ya aiko, amma ba ta miƙa roba sai mutum ya maimaita mata da bakinsa cewa ba zai kusanci murhu da rigar da ta sha man ba. Muryar ce dai ta ragu. Yanzu in ta sauke tuwo, sai dai makwabta su gane da ƙamshin miya.