Injin Matsar Gyaɗa Mai Hoton Ganye

A shekararmu ta biyu a Kuala Lumpur kwaɗayin ƙuli-ƙuli ya taso ni gaba. Ina da cikin ɗana na biyu a lokacin, maigida kuma yana karatun digirinsa na uku a fannin injiniya. Muna zaune a hawa na sha ɗaya a wani dogon bene a unguwar Setapak. Gyaɗa ba ta wuyar samu a garin, kowane kedai ka leƙa, wato 'yan shagunan nan na unguwa, za ka gan ta a leda. Abin da babu shi ne mai matse ta.

Na gwada da kaina. Na soya, na surfa, na niƙa har injin markaɗena ya fara warin ƙonewa. Na zuba ruwan zafi na yi ta juyawa da muciya, mai ya ƙi tsatsowa. Maigida ya same ni zaune a ƙasan kicin ina haki.

"A wannan zamanin kike wahalar da kanki?" in ji shi. "Ai komai yanzu da injinsa. Bar min wannan."

Kwana uku ya yi yana zaɓe a wayarsa. Da Turanci ya rubuta cewa yana neman ƙaramin inji mai matsa da zafi na amfanin gida, sai ga su birjik. Ya zaunar da ni ya yi min darasi. Akwai mai hannu da ake murɗawa, akwai mai jak irin na ɗaga mota, kowanne da farantan ƙarfe biyu da suke ɗaukar zafi. Ya ce mai murɗawa na rago ne, mai jak shi ne inji. Ya riƙa karanto min abin da masu saye suka rubuta. Wani ya ce abin da yake tatsa kalar zinare ne. Wani ya ce ƙamshi har ɗakin maƙwabta. Na ce to ai man gyaɗa mai kyau ke nan. Sai muka iso kan wani da ya ce shi fure yake matsawa.

"Fure kuma?" na tambaya.

"Turawa ne fa," ya ce ko ɗago kai bai yi ba. "Man turare suke yi."

Bayan sati biyu maigadin gidanmu ya bugo waya ya ce kaya sun iso. Da ƙyar maigida ya shigo da kwalin yana nishi. Da muka buɗe sai ga baƙin ƙarfe mai sheƙi, a gefensa an manna hoton wani ganye mai yatsu bakwai. Na duba na ce ikon Allah, ashe su ma sun san rama. A cikin kwalin kuma akwai wasu 'yan jakunkunan raga kamar na ganyen shayi, da fararen takardu masu santsi, da wani ɗan ƙarfe mai kama da abin sakace. Farantan da aka yi ta yabo kuwa ba su wuce tafin hannuna ba.

"Dakta, wannan ai sai mu yi sati ba mu matse mudu ɗaya ba."

Idan ina son tsokanarsa nake kiransa Dakta, domin digirin bai zo hannu ba tukuna. Ya ce kada in raina inji saboda girmansa. Ya harhaɗa injin, ya cusa niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali guda a 'yar jakar, ya naɗe ta a takarda, ya sa tsakanin farantan ya dinga buga jak. Jakar ta fashe. Mai ya ɗiso sau huɗu, na ƙirga da idona. Abin da ya rage ya fito fale-fale kamar ƙanzo, gefe guda a ƙone. Duk da haka na gutsira na ci, na ji ɗan ƙamshin gida. Murna ta sa na ɗauki hoton injin, da ganyensa da komai, na tura zauren matan Najeriya da muke da shi a waya. Na rubuta: "Ƙuli-ƙuli ya sauka Malesiya."

Ko minti biyar ba a yi ba wata Hajiya ta kira ni. Ita ce babbarmu a zauren, mijinta malamin jami'a ne, sun haura shekara goma a ƙasar, ita kuma harhaɗa magunguna ta karanta. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ke, goge hoton nan yanzu."

"Anti, lafiya?"

"Ki goge, na ce. Ga ni nan zuwa. Kada ki buɗe wa kowa ƙofa."

Na goge. Bayan la'asar ta iso, ta zagaya injin sau biyu ba ta taɓa shi ba. Ta nuna hoton da yatsa ta tambaye ni ganyen mene ne. Na ce rama. Ta juya wajen maigida.

"Malam, kai ma rama ka gani?"

Ya ce shi ba ganye ya duba ba, ƙarfin jak ya duba.

Hajiya ta zauna ta cire tabarau. Ta ce wannan ganyen tabar wiwi ne, injin kuma an ƙera shi ne don a matse furenta a fitar da wani danƙo da Turawa suke kira rosin. A ƙasashen da dokarsu ta yarda mutane suna yi a gidajensu. Jakunkunan da takardun da ɗan ƙarfen duk kayan aikin ne. Zinaren nan da ƙamshin da muka yi ta karantawa, ba wanda yake nufin gyaɗa.

Nan take na tuna muryar ma'aikaciyar jirgi ranar da za mu sauka ƙasar, tana sanarwa cikin ladabi cewa hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a nan yana iya kaiwa ga kisa. A ranar ban ma saurara sosai ba, ina neman takalmin 'yata a ƙarƙashin kujera. Yanzu ga kwali a tsakiyar falo ɗauke da cikakken sunan maigida da lambar gidanmu.

Maigida ya yi gyaran murya ya ce a iliminsa inji ba shi da laifi, ƙarfe ne kawai da waya, kuma gyaɗa ce kaɗai ta taɓa shiga cikinsa.

"Haka ne," in ji Hajiya. "Ni ma ban ce doka ta hana ƙarfe ba. Amma kana baƙo, kana kan tallafin karatu. In aka tambaye ka, sai ka yi musu wannan laccar, ka ƙara da ta rama."

Tana rufe baki aka danna ƙararrawar ƙofa. Na fizge zanin gadon da na shanya a kan kujera na lulluɓe injin. Maigida ya miƙe ya gyara wuyar rigarsa, ya dube ni ya ce in kula da yara, alhali yarinya ɗaya gare mu kuma tana barci. Ya buɗe ƙofa a hankali. Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa 'yar ƙasar, riƙe da ƙaramin kwano. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ta ji, ga shi tata ta ƙare, tana son ɗan abin da za ta yi miya. Na juye mata duk wadda ta rage, har da ta leda da ban buɗe ba. Ta yi ta cewa ta yi yawa, tana ƙarawa da "lah" ɗin nan da 'yan ƙasar ke ƙarasa magana da shi, ni kuma ina ta tura mata ina godiya kamar ita ta ba ni. Hajiya ta kife kanta a hannun kujera tana dariya har da hawaye.

Ranar Asabar maigida ya kwance injin ƙusa bayan ƙusa, kuma na lura aikin ya fi masa daɗi a kan haɗawar. Ni na jiƙa hoton ganyen da ruwan zafi na kankare shi da wuƙa. Takardar sunanmu da ke jikin kwali na yayyaga ta ƙanana, na raba ta kwandon shara uku. Akwai wani mai 'yar motar ɗaukar kaya da yake zagaya unguwa yana karɓar tsoffin jaridu da ƙarafa. Maigida ya kai masa rabi a wannan makon, rabi a mako na gaba, wai don kada wani ya sake haɗawa. Mutumin ya juya jak ɗin a hannunsa, ya ga sabo fil, ya dubi maigida sama da ƙasa, ya jefa a bayan mota ya yi gaba.

Ashe kafin in goge hoton wata ta riga ta gani. Wata amarya ce da ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba. Wata Lahadi sai ga ta da gyaɗarta soyayya a bokiti, ta hawo bas tun daga wajen Kampung Baru, ta zo aron inji. Na ce ya lalace. Ta ce ba komai, mijinta ya iya gyara. Na ce mun mayar. Ta ce in ba ta sunan wurin ta sayi nata. Na ce na manta. Ta sha lemonta, ta ɗauki bokitinta ta tafi, sallamar ma a ciki ta yi ta.

Daga baya na ji ana cewa a zaure akwai wata a Setapak da take da injin ƙuli-ƙuli amma rowa ta hana ta nuna wa kowa. Na kira Hajiya na ce ko in fito in yi bayani. Ta ce in zaɓa, ko a san ni da rowa ko a san ni da wancan. Har muka bar ƙasar da rowar aka san ni.