Takardar Inshorar Baba Sannu

A tasha Baba Sannu ake kiransa, don ko fasinja zai yi kuka ba ya ƙara wa mota wuta. Abokan aikinsa kan tsokane shi, wai har akuya tana wuce shi a hanya. Shekara ashirin da biyu yana jan tasi, ko gogar motar wani bai taɓa yi ba.

Duk shekara yakan je wurin wani mai tebur a gindin bishiya, bakin ofishin lasisi, ya sabunta takardar inshora, irin wadda doka ta tilasta, wadda in ka buge wani, kamfani zai biya. Bai taɓa karanta ta ba. Shi dai ya san in ɗan sanda ya gan ta sai ya ce a wuce.

Wata rana da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, wani tela ya ɓullo ta bayan bas rungume da yadin mutane. Baba Sannu ya taka birki, motar ta zame ta buge telan. Da hannunsa ya ɗauki mutumin zuwa asibiti. Likita ya ce ƙugu ya farfashe, sai an yi aiki.

"Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata," ya ce wa matar telan a baranda. "Ina da inshora."

Washegari ya bi adireshin da ke jikin takardar, ya hau bene, ya tarar da shagon aski.

"Baba, kai ne na huɗu a bana," in ji mai askin. "Ba a taɓa yin wani kamfani a nan ba."

Ya koma gindin bishiya. Mai teburin ko ɗago kai bai yi ba.

"Takardar nuna wa 'yan sanda ka nema, na ba ka. An taɓa tsare ka da ita?"

A kotu aka ce tuƙi ya yi ba inshora, aka karɓe lasisinsa. Ya sa motar a kasuwa don a yi wa telan aiki. Ranar da mai saye ya zo ɗaukarta, matar Baba Sannu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, mu kuma fa?" Ya miƙa wa mai sayen makullin motar.

An yi aikin, amma a makare. Ƙafar ta ƙi taka keken ɗinki, telan ya rufe shago.

Yanzu Baba Sannu kiran fasinja yake yi wa wasu a tashar, muryarsa duk ta dishe. Duk ranar ganin likita yakan je ya goya telan daga ɗaki zuwa bakin titi. Telan yakan ce, "Yaya, ƙaddara ce, ka daina wahalar da kanka." Matar telan kuwa har yau ba ta amsa gaisuwarsa. Sai dai ta ɗaga masa labule ya shiga.