Sojan da Na Tura a Ƙarƙashin Baho

Ni ne da laifi, kuma tun ranar na san haka. Shekaru sun wuce, gemuna ya fara fari, amma abin da na yi wa wani dattijo a kan allon ces, wasan nan mai kama da dara, a unguwar Maamobi ba zai bar raina ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina tuƙa trotro, ƙaramar bas ta haya, tsakanin Nima da tashar Sakul. In na ba abokin aikina mota da rana, sai in wuce rumfar wani mai walda inda muke zama. Benci biyu ne da butar shayin ataya da allo ɗaya wanda ruwa ya taɓa duka har ya kumbura. Dattijon ne ya kawo mana wasan. Ya yi aiki a tashar jirgin ruwa ta Tema, a wurin ma'aikatan jirgi ya koya. Mu Baba muke ce masa, kuma shi ya nuna mini yadda doki yake tsalle.

Ban taɓa zama gwani ba, gaskiya. Abin da na iya shi ne kuɓucewa. In an matse ni, sai in yi ta nishi, in dafe kai kamar na sallama, alhali tarko nake ɗanawa. A ces akwai wata doka: in ba a kai wa sarkinka hari ba, kuma ba ka da ko abu ɗaya da zai iya motsi, to wasa ya tashi kunnen doki, ko da abokin wasanka ya fi ka komai. Da wannan dokar na sha tsira har aka sa mini suna Tarwaɗa. Wanda aka ci shi ke wanke kofunan ataya, ni kuwa na daɗe ban taɓa su ba, kuma sunan ya shiga kaina.

Wata shekara hawan jini ya kayar da Baba. Da ya tashi, hannunsa na hagu ya yi nauyi, magana ma tana ɗan kakare masa. 'Yarsa, wadda ke sayar da wake da shinkafa a bakin titi, ta dage a mai da shi wurin ɗansa a Ashaiman, wai ya fara mantuwa. Shi kuma ya ƙi. Ranar da ya dawo rumfa ya zauna a gabana ya ce, “Tarwaɗa, jera. Sun ce kaina ya taɓu. In na ci ka yau, ka je ka gaya wa 'yata da bakinka.”

Muka yi dariya, mai walda ya ce, “Baba, a hankali, wannan kifi santsi gare shi.”

Wallahi ranar ya yi wasan da ban taɓa gani ba. Kafin la'asar ya kwashe mini kusan komai. Sarkina yana lungu, sarauniyarsa ta toshe masa duk hanya, saura mini hasumiya ɗaya da soja ɗaya. Na duba na ga mafita: in na jefar da hasumiyar ya ci, sarki ba ya motsi. Amma sojan nan yana da sauran taki ɗaya a gabansa kafin ya yi karo da na Baba. Muddin yana iya tafiya, babu kunnen doki, ni ne a ƙasa.

Sai aka kira salla. Al'adarmu a rumfar, in an kira salla ana tsakiyar wasa, sai a kife bahon roba a kan allo saboda awaki da iska, kowa ya tafi masallaci. Ba a barin mai gadi. Wa zai taɓa wasan mutane suna salla? Na ce alwalata ta karye, su yi gaba. Da suka sha kwana na ɗaga bahon, na tura sojan taki ɗaya, na mayar. Na je na tsaya a sahun baya na yi salla da wannan hannun.

Da muka dawo aka buɗe, Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wannan sojan ba nan yake ba.”

Na ce, “Ei, Baba! Nan yake mana.”

“A baya yake. Na lissafa da shi.”

Wani daga cikinmu ya ce, “Baba, ka manta ne. Ai baho a kife muka same shi.” Wani ya ƙara da cewa, “Cale, abokai, ku bar tsoho, ciwon nan ba wasa ba ne.” Ba da mugunta suka faɗa ba, tausayi ne, kuma tausayin ne ya fi yanka shi. Ya dubi allo, ya dube ni. Ina gani a idonsa yana jira in ce wani abu. Ni kuwa na sunkuyar da kai na jefa hasumiyata gaban sarkinsa. Ba shi da zaɓi sai ya ci. Rumfa ta ɗauki ihu, ana ta bubbuga bayana, Tarwaɗa ya sake sulɓewa.

Baba ya lalubi sandarsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “To, wataƙila yarinyar nan ta yi gaskiya.”

Bai sake zuwa ba. Kafin azumi aka tafi da shi Ashaiman. Na ji an ce ya daina fita shi kaɗai, ko canji aka ba shi sai ya miƙa wa wani ya duba masa. Duk labarin yana zuwa kunnena. Nakan gaya wa kaina ai da ma ba shi da lafiya, da ma za a tafi da shi. Na ci gaba da zama a rumfa, amma wasan ya fita raina, in an kira ni da sunan nan sai in ji kamar zagi. Kullum in ce sati mai zuwa zan je, sati ya zama shekaru.

Abin da ya tayar da ni, wata rana ina tuƙi da fasinja cike, na iso mararrabar da na bi sau babu adadi, sai na rasa ina zan juya. Na ɗan lokaci ne, gajiya ce, amma gumin da ya keto mini ban taɓa yin irinsa ba. Nan na gane abin da na ɗora wa bawan Allah: ya yi ta rayuwa yana tsoron kansa, don kawai kada in wanke kofi. Kuɓuta a kan allo, in da dabara ce, halal ce. Amma wanda ya tsira ta hanyar sa ɗan'uwansa shakkar hankalinsa, bai tsira daga komai ba.

Na je Ashaiman, na sami Baba a kan tabarma a tsakar gida, ya rame sosai. 'Yarsa ma ta zo ziyara. Ya gane ni. Na durƙusa na faɗa masa a hankali, don kunya. Har na zaci bai ji ba. Can sai ya ɗaga murya ya kira 'yar, ya ce, “Zo ki tsaya nan. Kai kuma sake faɗa, da ƙarfi.”

Na ce, “Hajiya, ranar nan Baba bai manta komai ba. Sojan yana inda ya ce, ni na tura shi kuna masallaci. Ya ci ni, ci mai kyau, kuma ya aike ni in gaya miki, sai yau na iso. Baba, na cuce ka. Don Allah ka yafe mini.”