Muryar Inna a Gindin Turmi

Audi yana ɗaure buhun gero a kasuwar Belbeji wayarsa ta yi ƙara. Zuhaira ce, matar amininsa Almustafa. Ta ce zazzaɓin da ya kama mijinta bai bari sun kai Damagaram ba, a hanya rai ya yi halinsa. Audi ya yi salati, ya zauna a kan buhun, igiyar tana hannunsa.

Almustafa ɗan makiyaya ne daga Tarka. Da fari ya cinye musu dabbobi sai ya shigo Tanut yana saurayi, ya fara da ɗaukar lasifika a gidajen biki, har ya zama mai haɗa sauti a wani ƙaramin gidan rediyo. Shekara goma sha tara ya yi a gaban na'ura. Gwanintarsa tana wajen kwamfuresa, wadda ke danne sautin da ya cika ƙarfi domin mai rauni ya fito. Yakan ce aikin bakin rijiya ne: ka riƙe babban sa, maraƙi ya samu ya sha.

Bara Inna Asiya, mahaifiyar Audi, ta rasu. Abin da ya rage na muryarta waƙar daka ce guda ɗaya, wadda Audi ya ɗauka da waya a tsakar gida. Sai dai a gindin turmi ya ajiye wayar. Taɓarya ce ke ta dukan kunne, muryar tsohuwa tana can ƙasa, ba a rabe kalma ko ɗaya. Almustafa ya karɓi aikin. Sati uku, kullum aka gama labaran rana, yana zaune yana murɗa maɓalli kaɗan kaɗan, shayinsa na hucewa.

Bayan sadakar ukun Almustafa, Zuhaira ta miƙa wa Audi ɗan katin ajiyar sauti na waya naɗe cikin takarda, da sunansa a rubuce. Ya saurara a zaure. Ga Inna nan sarai, tana yi wa gero kirari, har da ɗan tarinta. Taɓarya ma tana nan, amma ta ja baya, tana rakiya. Hawaye suka zubo masa, ya rasa wanne daga cikin su biyun yake yi wa kuka, Inna ko Almustafa.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe da Audi ya leƙa rediyon, aikin bai kammala ba. Almustafa na rufe da bargo, ya sa masa abin saurare a kunne.

Audi ya ce, "Ɗan makiyaya, ƙara dannewa mana. Kashe taɓaryar gaba ɗaya."

Almustafa ya yi dariya. "Mai gero, kunnenka awo kawai ya sani. Ka taɓa jin Inna ta yi waƙa hannunta babu aiki?"

"Ban taɓa ji ba."

"To bar mata taɓaryarta. Ka dawo bayan kasuwa, za ka same ta."