Ƙarar da Maman Jesse Ta Shigar

A Yelwan Tudu, idan ka ce Saraya Jalo, sai an tsaya tunani. Ka ce Maman Jesse mai masa, kowa zai nuna maka rumfarta a bakin titin Dass. Shekara ashirin da wani abu tana suya a wurin, tun mijinta yana da rai.

'Yar Bogoro ce. Mahaifinta masinjan kotu ne, ta taso tana kai masa abinci, tana leƙen yadda ake shigar da ƙara: a faɗi suna, a faɗi rana, a faɗi abin da aka yi. A haka ta san Allah. Wasu in za su yi addu'a sai su durƙusa, su rufe ido, su ce "Uba" a hankali. Ita a tsaye take yi, ido buɗe, ta ce "Ya Mai Shari'a," sannan ta jero magana daki-daki. Ba ta cewa a warkar da marasa lafiya a dunƙule. Sai ta faɗi sunan mai ciwon da lambar gadonsa. Matan zumunta, ƙungiyar matan majami'arsu, sun daɗe suna son hakan. Duk wadda abu ya dama, Saraya take nema ta yi mata addu'a.

Sai abin Jesse ya faru. Shi kaɗai ne ɗanta. Ya gama karatu, yana jiran kiran bautar ƙasa. Wata Asabar da hantsi ya tsallaka titi zai ɗauko mata itace, mota ta kwashe shi. Masu rumfuna sun ga motar, sun ga mai tuƙin: Dauda ne, ɗan Dattijo Bitrus, babban dattijon majami'arsu. Bai tsaya ba. A asibiti aka yanke wa Jesse ƙafar hagu daga gwiwa.

Dattawa suka zauna da ita, suka ce bai dace 'yan ikilisiya ɗaya su ja juna gaban alƙalin duniya ba. Dattijo Bitrus ya ce tsautsayi ne, har da hawaye. Dauda kuwa bai zo ba, an riga an tura shi Jos. Saraya ta saurare su har ƙarshe, ta ce, "Na ji. Ba zan kai kotunsu ba." Suka yi mata godiya, suna zaton magana ta mutu.

Ranar Laraba, a taron addu'a, ta miƙe.

"Ya Mai Shari'a, ni ce Saraya. Ina ƙarar Dauda ɗan Bitrus. Ranar Asabar, tara ga wata, ya taka ɗana ya gudu. Akwai shaidu. Ban ce ka kashe shi ba. Ka kawo shi ya tsaya gaban Jesse, ya ce ni ne."

Ba wanda ya ce amin.

Haka ta yi kowace Laraba har wata huɗu. Matar Dattijo ta daina zuwa taron. Matan da a dā suke rububin zama kusa da Saraya suka fara barin wuri tsakaninsu da ita. Wasu in sun wuce rumfarta sai su ɗaga murya: "Sannu lauya, an ɗaga zaman ne?" Ita kuma ta ce, "Ana kan shari'a. Ki kiyayi bakinki kada ki shiga takarda."

Daga ƙarshe Fasto ya zo rumfar da kansa. Ta ba shi benci, ba ta daina juya masa a kasko ba.

"Maman Jesse, kin mai da ɗakin Allah kotu."

"To ɗakin wa zan mayar, Baba Fasto? Ku kuka hana ni waccan."

"Allah Uba ne. Uba yakan rungumi 'ya'yansa duka, har mai laifin."

"Ya rungume shi mana. Amma uban da aka karya masa ɗa ɗaya, ya ce ɗayan ya je Jos ya huta, wane irin uba ne? Ni nawa Allahn yana tambaya."

"Yesu ya yafe wa waɗanda ba su roƙa ba."

"Shi ya san abin da suka yi. Ku kun ce ba a yi komai ba. Me zan yafe, tsautsayi?"

Fasto ya tashi, ya kaɗe rigarsa. Ya ce Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da Yesu, kuma dattawa sun yanke magana. Za a kira ta gaban jama'a ta yi addu'ar gafara, ba suna, ba ƙara. In ta ƙi, za a sa ta horo: ta koma bencin baya, ba ta cin Jibi, ta kuma ajiye zanin zumunta.

Wannan ya taɓa ta. Shekara talatin tana ɗaura zanin nan, a cikinsa ta yi wa mijinta waƙar binnewa. Tun da aka yi mata baftisma ba ta taɓa ganin ƙoƙon Jibi ya wuce ta ba. Da yamma ta koma gida ta tarar da Jesse a ƙofar ɗaki, sandunansa jingine da bango. Labari ya riga ta isowa.

"Mama, ki bari haka. Ko ina na bi ana nuna ni. Addu'arki za ta tsiro mini da ƙafa ne?"

"Ban roƙi ƙafa ba."

"To me kike roƙa? Ni na gaji. Ki faɗa musu abin da suke so, mu huta."

"Ƙarya kake so in yi a gaban Allah?" Ta ajiye tasar ƙullu da ƙarfi. "Su zan iya ruɗa. Shi fa?"

Jesse ya juya mata baya. Kwana uku ba su yi wata magana ba sai ta abinci.

Ranar Lahadi majami'a ta cika, har da waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Dattijo Bitrus yana gaba, hannu a harɗe. Da aka kira ta, Saraya ta fito cikin zanin zumunta. Ta yi niyyar ta gwada. Ta rufe ido kamar yadda suke yi, ta ce, "Uba." Sai ta tsaya. Kalmar ta zauna mata a baki kamar ta aro. Ta ga in ta ci gaba, da jama'a take magana, ba da Allah ba.

Ta buɗe ido.

"Ya Mai Shari'a, ni ce Saraya. An ce in janye. Ina so in yafe, kai ka sani. Ka kawo mini Dauda ɗan Bitrus, in sami wanda zan yafe wa."

Guna-guni ya tashi. Wata daga cikin mawaƙa ta ce, "Kunya dai ba ta ishe ki ba." Dattijo Bitrus bai ɗago kai ba. Fasto ya yi wa magatakardan majami'a alama, shi kuma ya miƙe da takardar da tun jiya aka rubuta, ya karanta: horon wata shida.

Saraya ba ta jira ya gama ba. Ta bi tsakiyar majami'a zuwa baya, mutane suna janye ƙafafunsu daga hanya. Ta zauna a benci na ƙarshe ita kaɗai. Masu rabon Jibi suka zo har layin da ke gabanta, suka juya.