Yadda Na Fara Wankan Gawa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, a cikin Maraɗi. Ranar da na aje alli, abokan aiki suka ba ni turmin atamfa, aka ɗauki hoto, kowa ya koma ajinsa. Ba a rufa shekara ba maigidana ya rasu. 'Ya'yanmu uku kuwa sun riga sun watse, babban yana Yamai, macen tana aure a Damagaram, autan kullum yana kan hanyar fatauci. Da na fita takaba sai na tarar ba abin da ke jirana in gari ya waye.

Salla ban taɓa bari ba. Amma a lokacin ina yin ta ne kamar yadda nake kiran sunayen yara da safe, baki na aiki, zuciya na wani wuri. Na shiga makarantar matan aure ta unguwarmu. Wata rana bayan an tashi na tsayar da malamar, na ce, "Malama, mutum ya yi aiki ya gama, ya haifa ya aurar, to kwanakin da suka rage masa na mene ne?" Ta ce don bauta aka halicce mu, ta jawo mini aya. Na san ayar, ni ma na koya wa 'ya'yana ita, kuma ban musa ba. Na dai koma gida da nauyin da na zo da shi.

Ana nan sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke Tsibiri, ta sa aka buga mini waya, wai in taho yanzu. Na hau kabu-kabu ina zaton jikinta ne. Na same ta zaune a kan tabarma, ga ganyen magarya a ƙwarya gabanta. Tun ban yi aure ba ita ke wanke gawar mata a unguwarsu.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lahiya lau. Rasuwa anka yi bayan gidanmu. Hannuna ya bar ɗaukar buta, ke za ki zuba mani ruwa."

"Ni? Gwaggo, ko fuskar maigidana ban iya kallo ba ranar."

Ta dube ni ta ce, "To mi kike yi a gida?"

Sai na ɗauki ƙwaryar na bi ta.

Mamaciyar wata tsohuwa ce mai sai da fura. Muna shiga ɗakin Gwaggo ta yi mata sallama, ta kira ta da sunanta. Ta rufe ta da zane, ta naɗe nata hannun da ƙyalle, ta soma daga dama. Duk sa'ad da za mu juya ta sai ta ce, "Sannu, za mu juya ki." Can ta taɓa ruwan ta ce ya huce, in ƙaro na zafi.

Na ce, "Gwaggo, ai ba ta ji."

"Ke kin sani? Ni dai ban sani ba."

Na fita na ƙaro. Muka gama, muka sa ta a likkafani, maza suka shigo da makara. Kwana biyu ban iya cin tuwo ba.

Ranar, da muka koma gida, na yi wa Gwaggo tambayar da na yi wa malama. Ta daɗe tana murza gwiwarta, sannan ta ce, "Ɗiyata, ni ban yi lakwal ba. Duk matan da na wanke ba wadda ta dawo ta hwaɗa mani abin da ta iske. Na dai san ba a barin mutum ya tahi ga Ubangijinshi da dauɗa. Abin da kika gani a jikinta kuma, ki mutu da shi." Na jira ta ƙara wani abu, sai ta ce in miƙo mata goronta.

Haka na shiga aikin, ba don na zaɓa ba. Shekara biyu tana zaune a kan kujera tana faɗa ina yi. Daga baya idonta ya dushe, ta daina fita, mutane suka koma nemana.

Wankan da na fara yi ba tare da Gwaggo ba a Jiratawa ne. Mace ce da ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, ta yanke jiki ta faɗi a garka tana tsinkar zogale, kafin a kai ta likita rai ya yi halinsa. Uwarta ce ta ce lalle ni za a kira. A ƙofar ɗaki ta riƙe hannuna ta ce, "Madam, ɗalibarki ce. A Maraɗi ta zauna wurin yayata, ta yi shekara uku a lakwal kafin mu maido ta. Kullum tana cewa ke kika koya mata rubuta sunanta."

Na shiga na yaye zanen, na dubi fuskar, na sake dubawa. Wallahi ban tuna ta ba. Na laluba azuzuwan da na koyar a shekarun yarintarta, benci bayan benci, ban ga inda ta zauna ba. Tafin hannunta ya yi kanta, ƙarƙashin farcenta duk koren ganye. Na sa tsinke na fitar da shi a hankali, yatsa bayan yatsa, ina ce mata sannu. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar maigidana.

Da na fito uwar ta tambaye ni, "Kin gane ta?"

Na ce, "Yaran sun yi yawa, Hajiya, ki gafarce ni."

Ta ce, "To ya kika ga fuskarta?"

"A sake take, kamar mai barci." Wannan kam gaskiya na faɗa mata.

Yanzu shekarata ta shida ke nan. Ba zan ce na sami amsar tambayata ba, kuma har yau akwai ranakun da nake sallame salla ban san surar da na karanta ba. Sai dai in na ɗaga hannu ina da waɗanda nake roƙa wa gafara ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na mance ko guda. Bayana ya soma ciwo, durƙuso yana yi mini wuya, kabu-kabu ma sai an riƙe ni nake hawa. Na nemi mata biyu a unguwarmu su zo su koya. Ɗaya ta zo sau ɗaya ba ta sake dawowa ba. Ɗayar ta ce in bari sai ta aurar da ɗiyarta bayan damina.