Mai Haƙar Gawayin Ƙasa a Tashar Filinge

Daga teburin shayinsa a tashar Filinge, Ibrah yana kallon wani dogon mutum da ke jiran motar komawa ramin gawayin ƙasa. Baƙin gawayi ya zauna masa a tsagar tafin hannu, yatsu biyu na hagu kuma babu su. Ibrah yana zaton ramin ne ya karɓe su. Wata tsohuwa tana riƙe da gefen rigarsa.

"Zakari, ka zauna ka yi noma," in ji ta. "Ramin nan zai cinye ka."

"Inna, gonar ma cinmu take yi, kuma ba wanda ya ce a bar ta."

Sai ya ɗaura fitilar aikinsa a goshi da rana tsaka, ya shige mota.